Ina ruwan garkarmu yake tafiya?

Yau ina so mu yi magana bisa ruwan da muke ba garka lokacin rani. Kowa ya san wahalar samunsa. Wani da wasaki yake ja, wani ya sayi injin ban ruwa yana zuba mai da kuɗinsa, wani kuma ya kafa famfo mai aiki da hasken rana. To, ka shayar da fangali da safe har ƙasa ta yi laushi, da la'asar ka dawo ka iske ta bushe. Ina ruwan ya tafi?

Na yi ma mutanen ajinmu na yaƙi da jahilci wannan tambaya. Suka kasu biyu. Wasu suka ce ƙasa ce ta shanye, tun da rairayin Dallol ba ya riƙe ruwa. Wasu suka ce rana ce. Duka suna da gaskiyarsu. Amma ruwan da ƙasa ta shanye bai ɓace ba, yana komawa inda rijiya take samunsa. Wanda ya tashi sama shi ne wanda ya tafi ke nan. Kuma shi ne mai yawa idan mai garka yana ban ruwa daidai. Abin da nake so mu gane shi ne wannan: ruwan da ke tashi sama yana da awo, kamar yadda hatsi yake da tiya. Masu ilimi suna aunawa. Mu ma muna iya aunawa.

Hanya biyu ruwa yake bi ya tashi. Ta farko, daga bisa ƙasa mai laima, kamar yadda rigar wanki take bushewa a kan igiya. Ta biyu, ta cikin shuka. Saiwa ta tsotso ruwa, ya hau kara, ya fita ta ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani. Wannan shi ne gumin shuka. Wanda bai yarda ba ya samu farar leda, ya rufe reshen tumatir ko na zogale da ita, ya ɗaure bakin. Kafin azahar zai ga ɗigon ruwa cikin ledar. Mun yi haka a ajinmu, wani dattijo ya daɗe yana juya ledar a hannunsa, ya ce shekara hamsin yana noma bai san ganye yana zufa ba. Daga cikin ruwan da shuka take sha, ɗan kaɗan ne yake zama a jikinta. Kusan dukansa fita yake yi.

Ruwa ba ya tashi sai da zafi. Mata sun fi mu sanin wannan. Itace kaɗan ya isa ya tafasa tukunya. Amma in kana so ruwan ya ƙone ƙaf har tukunya ta bushe, wutar da za ta ci ta ninka ta tafasawa wajen sau 7. Ruwan da ya zama tururi yana tafiya da zafi mai yawa, ya bar wurin da sanyi. Shi ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Shi ya sa makiyayi yake rataye salka inda iska take bugawa: ɗan ruwan da ke tsatsowa ta fata yana bushewa, na ciki ya yi sanyi. Kuma shi ya sa in ka fito daga tudu ka shiga garka da tsakar rana sai ka ji kamar an yi maka fifita.

Saboda haka zafin da rana take saukarwa bisa ƙasa yana rabuwa gida uku. Wani ya shiga ƙasa, ya gasa rairayi har ba ka iya takawa ba takalmi. Wani ya dumama iska. Wani kuma ya tafi wajen tayar da ruwa. A kan tudu cikin watan Afrilu babu ruwan da zai tashi, sai zafin ya ƙare a ƙasa da iska. A cikin garka kuwa, mafi yawansa ruwa yake ci. Wanda ya san yadda zafin ya rabu, ya san yawan ruwan da ya tashi. Aikin masu awo ke nan.

Wani malamin gona ya bayyana mini yadda suke yi. Suna kafa dogon ƙarfe a tsakiyar gona, ya fi shuka tsawo. A bisansa akwai na'ura mai ƙahoni, kamar yatsu suna duban juna. Tana aika wata ƙara da kunne ba ya ji daga wannan ƙaho zuwa wancan, ta haka take gane motsin iska da zafinta. Kusa da ita akwai wata mai gane yawan laimar da ke cikin iska. Ku tuna da guguwa, yadda take juyawa tana ɗaga ƙura. Iska kullum cike take da ƙananan guguwa irin wannan, wasu suna hawa, wasu suna sauka. Wadda ta taso daga ganye tana ɗauke da laima. Wadda ta sauko daga sama busasshiya ce. Na'urorin suna ƙirga su sau 10 ko 20 cikin daƙiƙa guda. Kwamfuta ta tara lissafin, ta faɗi ruwan da ya bar gonar cikin kowane rabin awa. Kamar mai tsaron ƙofar kasuwa ne da yake ƙirga jakunan da suka shiga ba kaya da waɗanda suka fita da kaya. Ana kuma binne wasu ƙananan faifai cikin ƙasa don a san zafin da ya shige ta, a ɗora wata na'ura da take auna hasken da ya sauko da wanda ya koma.

Kada ku ce wannan labarin ƙasar Turawa ne. An yi shi kusa da mu. A shekarar 1992, daga watan Agusta zuwa Oktoba, masu bincike daga Faransa, Ingila, Amurka da wasu ƙasashe sun haɗu da na Nijar, suka yi babban awo a ƙasar da ke kewaye da Yamai. Sunan aikin HAPEX-Sahel. Sun kafa irin waɗannan ƙarafa a gonakin hatsi da cikin saura, a wurare kamar Banizumbu. Har jiragen sama suka riƙa bi ta bisa suna awo. Daga baya, a shekarar 2005, wani aiki mai suna AMMA ya kafa ƙarfe biyu a Wankama, ɗaya a gonar hatsi, ɗaya a saura mai sabara. Sunan ya yi kama da kalmarmu ta amma, sai dai ba ita ba ce. Duk wanda ya shiga mota daga Filinge zuwa Yamai, bayan ya wuce Balayara, yana ratsa wannan yankin.

Abin da suka samu a Wankama ya isa a yi tunani. Cikin ruwan sama da ya sauka a shekara, fiye da kashi uku cikin huɗu sama yake komawa. Ɗan abin da ya rage ne yake gudu zuwa tabki ko ya nutse ƙasa. Sun kuma ga saura ta fi gonar hatsi tayar da ruwa, don ciyawa da sabara suna rigan hatsi yin ganye.

To, amma waɗannan gonakin damina ne. Garka wani abu ce dabam, kuma a nan nake so in daɗe.

Da damina ko'ina kore ne, iska ma da laimarta. Da rani kuwa garkarka ita kaɗai ce kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Iskar hunturu ta taso daga gabas da arewa, ta ratsa daji mai nisa ba ta gamu da ɗigon ruwa ba. Tana zuwa da ƙishirwa, kuma in bazara ta matso tana zuwa da zafin da ta kwaso bisa tudu. Da ta faɗa ma garka sai ta hau sha. Don haka garka tana cin zafi biyu: na ranar da ke bisanta, da wanda iska ta kawo mata daga waje. Masu awo a ƙasashen da ake noman ban ruwa cikin hamada sun ga haka sau da yawa. Wani lokaci ruwan da ya tashi daga gona ya fi abin da hasken rana shi kaɗai zai iya tayarwa. Ƙaramar garka ta fi babba shan wannan wahala, don duk jikinta baki ne. Ku duba garkarku gobe da azahar. Fangalin da ke gefen gabas shi yake fara yin yaushi. Na tsakiya yana nan tsaye. Ba ƙasar ce ta bambanta ba, iska ce ta fara da na baki, kafin ta kai tsakiya ta ɗan sha.

Yanzu mu yi lissafi, tun da mun koyi ƙidaya. Ana auna ruwan da ya tashi da milimetir, kamar yadda rediyo take faɗin ruwan sama. Milimetir 1 shi ne litir 1 bisa fili mai metir ɗaya tsawo, metir ɗaya faɗi. A ƙasarmu ta Kurfai ruwan da muke samu a shekara wajen milimetir 400 ne, wata shekara ya fi, wata ya kasa. Amma abin da rana da iska suke iya tayarwa a shekara ya wuce milimetir 2000. Da dari, shukar da ta cika ganye tana iya shan milimetir 6 a yini. Da bazara ta kai 8 ko fiye. Ɗauki 6. A ekta guda, litir 60,000 ke nan kowace rana. Tano mai cin litir 200, sai ka cika shi sau 300. Makiyaya, ku saurara. In saniya tana shan litir 30 a yini, ruwan da ekta guda ta garka take aika ma sama ya isa shanu 2000 su sha su ƙoshi.

Ban faɗi haka don in haɗa manomi da makiyayi faɗa ba. Noman rani shi ya tsamo gidaje da yawa. Bayan farin 1984, lokacin mulkin Janar Seini Kunce, ɗan Fandu, gwamnati ta tsaya bisa noman rani a duk faɗin ƙasa. Mu kuma Allah ya ba mu Dallol Boso, inda a wurare da yawa ruwa yake kusa, ƴan gaba kaɗan ka same shi. Dankalin Turawa na Bonkuku ya yi suna har Yamai. Amma ruwan da ke ƙarƙashin Dallol guda ne. Shi mai garka yake ja, shi matan gari suke ɗiba, shi garken Azawak yake sha. Abin da mutane da yawa suke ci daga ƙwarya ɗaya, ya kamata kowa ya san girman lomarsa.

Lokacin wasaki, ƙarfin hannu shi ne awo. Ba wanda yake zuba ruwan da ya wuce kima, don bayansa zai gaya masa. Da inji ya zo, kuɗin mai ya zama awo. Famfon hasken rana kuwa ba ya gajiya, ba ya neman mai. Alheri ne babba, ban musa ba. Amma na sha ganin an kunna shi an tafi kasuwa, ruwa yana malala har ya fita darni. Mai garkar yana ganin bai yi asarar kome ba. Ya yi. Rairayi ba ya riƙe abin da ya fi ƙarfinsa, ragowar ruwan yana wucewa ƙasa da saiwa, ya tafi da takin da aka saya da tsada. Dankali da albasa kuma ba su son zama cikin ruwa, ruɓewa suke yi. Sai babbar matsala, kanwa. Ruwa in ya tashi sama shi kaɗai yake tafiya, ya bar gishirinsa a ƙasa. A ƙasan kwari, inda ruwa yake dab da bisa, ƙasa tana tsotso shi sama kamar lagwanin fitila, ya bushe, ya bar farin abu a kan fangali. Wanda ya san kudancin Dallol, inda ake dafa kanwa, ya san inda wannan hanya take kai gona.

Dogon ƙarfe mai ƙahoni ba abin da talaka zai saya ba ne. Amma akwai tsohon awo mai sauƙi, wanda tashoshin duba yanayi suke aiki da shi tun da daɗewa. A Yamai akwai cibiyar Agrimet, da aka kafa a 1974 bayan babban fari, inda ake koya ma ƴan ƙasashen Sahel irin wannan aiki. Awon kuwa babban faranti ne na ƙarfe, faɗinsa metir 1 da santimetir 21, zurfinsa santimetir 25. A cika shi da ruwa, kowace safiya a duba nawa ya ragu. Shi ke nan.

Ga yadda muka yi namu a ajinmu. Mun samu tsohon tano, maƙeri ya yanke mana gindinsa, tsawon taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Muka ɗora shi bisa itatuwa a fili kusa da garka, inda ba inuwa. Muka kafa ƙusa cikin ɗan dutsen siminti, tsininta yana duban sama, muka sa a tsakiya. Muka zuba ruwa har ya taɓa tsinin ƙusa daidai. Muka rufe da ragar waya saboda awaki da kaji da tsuntsaye. Yara ma sai an ja musu kunne. Kowace safiya bayan sallah, mutum ɗaya ya ɗauki kofi mai cin rubu'in litir, ya riƙa zubawa yana ƙirgawa har ruwa ya koma tsinin ƙusa. A bakin tano mai litir 200, kofi ɗaya irin wannan ya yi kusa da milimetir 1. Sai ya rubuta rana da yawan kofi cikin littafi. Mutumin da bara ba ya iya rubuta sunansa, ga shi yana riƙe da lissafin iska.

Ruwan da ke fili cikin ƙarfe ya fi shuka saurin tashi. Don haka ba duka za ka ɗauka ba. Ga shukar da ta cika ganye, ɗauki kashi biyu cikin uku. Misali, ka ƙirga kofi 9. Kashi biyu cikin uku 6 ne. Fangalinka yana da metir 10 tsawo, metir 1 faɗi. Sau 10 na 6, litir 60. In gwangwanin ban ruwanka yana cin litir 10, ka zuba 6, ka ƙara ɗaya saboda abin da zai ɓata. In bazara ta yi ka ƙirga kofi 12, shuka tana neman 8, watau gwangwani 8 da ƙarin ɗaya. Shuka ƙarama da ba ta rufe ƙasa ba, rabin haka ko sama kaɗan ya ishe ta, amma a ba ta akai-akai don saiwarta ba ta yi nisa ba. Mai inji ya duba minti nawa bututunsa yake cika tano, daga nan zai san minti nawa zai bar shi a kan fangali.

Wannan awo ba Alƙur'ani ba ne. Jagora ne. Hannunka shi ne alƙali na biyu. Tona ƙasa kamar taƙi ɗaya kusa da saiwa, ka damƙa. In ta dunƙule, akwai laima. In ta watse, da ƙishirwa. In ruwa ya fito tsakanin yatsu, ka wuce kima. Kada yaushin azahar ya ruɗe ka. Kabewa da shu suna sauke ganye da tsakar rana ko da ƙasa tana da laima, da maraice su miƙe. Wadda ta kwana da yaushi har safe ita ce mai ƙishirwa. Ka kuma taɓa ganye da azahar. Mai sanyi yana gumi, yana da abin sha. Mai ɗumi ya rufe ƙofofinsa. Taurarin ɗan Adam da suke auna ruwan gonaki daga sama, da wannan alamar suke aiki: suna duba inda ya yi sanyi da inda ya yi zafi.

Rana ba mu da iko da ita. Iska kuwa muna iya karya mata ƙarfi. A kwarin Majiya, wajen Buza cikin jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa dogon yaro jeri biyu-biyu a gicciyen iska. Da itatuwan suka girma aka auna, aka iske hatsin da ke bayansu ya fi na fili yawa. Shinge yana kare fili da ya kai tsawonsa wajen sau 10. Darni mai tsawon metir 2 zai kare metir 20 a bayansa. Kuma wanda iska take ɗan ratsawa ya fi bango, don bango yana sa ta tsallake ta faɗo da ƙarfi. Saboda haka a fi ƙarfafa darnin gabas da na arewa. Wanda zai dasa itace ya ja shi nesa kaɗan da fangali, don shi ma mashayi ne, saiwarsa za ta bi ruwa. Lalle da zogale suna yin shinge mai kyau, ga kuɗi a jikinsu. Maƙwabta kuma in sun haɗa garkunansu wuri ɗaya cikin darni guda, baki ya ragu, kowa ya samu sauƙi.

Ruwan da ke tashi daga tsirarar ƙasa tsakanin shuka da shuka ba ya ƙara ma kowa ko albasa ɗaya. Shi ya kamata a fara tarewa. A shimfiɗa ƙaiƙayi, ko busasshiyar ciyawa, ko kara. Na san abin da za ku ce. Kara abincin dabba ne, ga tsada, ga gara. Gaskiya ne, a Kurfai kara ba abin zubarwa ba ne. Amma ragowar da bisashe suka tattake a turke ba ta da wani aiki, kuma tana zuwa da taki a jikinta.

Gindin tano guda ya ishi garkunan gari ɗaya, tun da iska ɗaya take bugun su. Abin da ake bukata mutum ɗaya ne mai tashi da wuri, da littafi, da alƙalami. Ya rubuta yawan kofi bisa allo a bakin hanyar garka, kowa ya gani yana wucewa. Ina roƙon malaman yaƙi da jahilci na Shikal, Tukunus, Bonkuku da Damana su gwada daga watan Nuwamba har ƙarshen Afrilu. Ranar da aka yi hazo, ko iska mai ƙarfi, a rubuta a gefe. In akuya ta sha, a ja layi a wannan rana, kada a ƙirga ta. Ƙarshen kowane wata ku aiko ma jarida da abin da kuka rubuta, mu jera su mu ga ko iskar arewacin Dallol ta fi ta kudu ƙishirwa.